Surukin Matan Alhamis

Kai mai leƙen littafin tsofaffi, na dawo bangon farko na ajiye maka wannan, tunda na san za ka buɗe. Kowa yana da ita, amma ba wanda ya taɓa ganin tasa. Ba ta da baki, ba ta da hannu, ko aji ɗaya ba ta shiga ba. Duk da haka ina wurin ta sauke mai digiri uku daga kan kujera. Mece ce? Kada ka tsallaka shafin ƙarshe, ina ganinka.

Alhamis, da la'asar

Ban ci abincin rana ba. Ni Nabatanzi, wadda ko ranar da aka binne mijina sai da na gano inda aka ɓoye kifi.

Yau a aji Madam Akello ba ta ko kwance buhun abarba ba. Ta tsaya gaban allo tana murza zobenta, ta ce gwamnati ta sake yanke kuɗin da take ba jami'a, majalisar gudanarwa ta zauna jiya, an cire Ajin Alhamis daga kasafi. Ƙarshen wata za a sa kwaɗo a ƙofa.

Nnalongo, uwar tagwaye, ƙawata tun muna sayar da ayaba a tasha, ta tuntsire da dariya.

"Madam, bar wasan nan. Surukinmu yana cikin majalisar. Mu muka kai shi."

"Yana ciki, Nnalongo. Har ya ɗaga hannu."

"Hannun ƙi ko hannun yarda?"

Madam ta kalli buhun abarba.

Sai ajin gaba ɗaya ya juyo kaina. Na ce, "Me kuke kallo? Ni ce gwamnati?" Ba wadda ta ko murmusa. Tunda nake a ajin nan ban taɓa jefa magana ta faɗi ƙasa ba sai yau.

Juma'a, da safe

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko kaina zai daina juyawa.

Jami'ar garinmu ta buɗe Ajin Alhamis tun haƙorana suna cike, don matan kasuwa da matan gona. Wata shida ana koya miki busar da abarba, ko kiwon kaji, ko haɗa sabulu, ko adana irin wake, a ƙarshe a ba ki takarda mai tambarin jami'a. Tambarin da ke kan takardar likita, shi ne a kan tawa, na gwada su. Aji biyar na yi a firamare, amma takarda uku gare ni a bango. Da sabulun nan na ga ƙarshen karatun 'yata Nanteza. Yanzu rabin ajin yara mata ne da makaranta ta kuɓuce musu, wasu da goyo. Su ne abin ji, ba mu tsofaffi da ke zuwa don gulma ba.

Bara mijin Nanteza, Dakta Lubowa, wanda nake kira Muko, wato suruki, kamar yadda kowace suruka mai tarbiyya ke yi, ya tsaya takarar shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Duk wanda ya ci, yana da kujera a majalisar gudanarwa. Abokin karawarsa Lauya Tumwine ne, mai alkawarin gina sabuwar ƙofar shiga mai fitilu. Madam Akello ce ta raɗa mana cewa a dokar ƙungiya duk mai takardar jami'a yana da ƙuri'a, babbar takarda ko ƙarama. Ashe tun tuni mu tsofaffin ɗalibai ne, ba wanda ya tuna, har mu kanmu.

Na bi kasuwanni rumfa rumfa ina cewa, "Surukina ne, na san irin cin da yake yi, ba ya taɓa kwanon wani." Nnalongo ta ce, "In naki ne, namu ne." Daga nan aka yi masa waƙa, surukinmu, surukinmu. Ranar zaɓe muka sauko daga motoci cikin gomesi, dogayen rigunanmu na biki, kafaɗun riguna a tsaye kamar kunnuwan zomo, lauyoyi suna tambayar ko hanyar gidan biki muka ɓata. Muka kayar da su warwas.

Abu ɗaya ne ba mu yi tunaninsa ba. Suruka ba ta fuskantar suruki.

Tun ranar da ya zo gabatar da kansa gidanmu, na hango shi daga nesa, siririn yaro mai gashi cunkus, ban sake ɗora ido a fuskarsa ba. Ba ma zama ɗaki ɗaya, ba ma haɗa hannu. In ya kawo mini matoke, ayabar dafuwa, bayan shinge yake tsayawa, ni ina cikin kicin, kowa ya yi wa bango magana. Wadda ta karya wannan, rawar jiki ke kama ta har kabari. Na ga yadda ƙanwar babana ta ƙare, shayi ma sai an riƙe mata kofi. Nanteza tana cewa a birni an daina, amma mijin nata ya fi ni riƙo. Lokacin kamfe da aka cika gari da hotunansa, takalmina nake kallo in ina tafiya. Sau biyu ɗan boda, wato ɗan acaɓa, ya kusa kwashe ni. Ranar zaɓe kuwa bayan ginshiƙi na zauna.

To ga shi. Mun ɗora mutumin da babu wadda za ta iya tsayawa gabansa ta ce masa, don me?

Juma'a, bayan azahar

Na kira Nanteza. Duk saƙona da nasa ta bakinta suke bi, kuma duk abin da ya bi ta bakin yarinyar nan sai ya fito a wanke, a goge, a ninke.

Na ce, "Ki gaya wa mijinki na gode. Ki ce kajin da na yanka masa tun daga ranar aurenku suna gaishe shi."

"Maama, ba zan faɗa ba."

"Ki faɗa yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari."

"Maama, ya yi rantsuwa a majalisa. Abin da aka tattauna ba ya fita sai ranar babban taron ƙungiya. Ko ni bai gaya wa duka ba. Ya ce ki yi haƙuri zuwa Asabar ta sama, ki zo ki gani da idonki."

"Da idona? Shi? So yake in ƙare ana riƙe mini kofi?"

"Ba shi za ki kalla ba, ki bari in gama. Zai sa a..."

Wayar ta katse. Katin ne ya ƙare. To, ya kusa ƙarewa.

Ta turo saƙo daga baya, wai ta gaji da zama bango tsakaninmu, kowa ya nemi wani bangon.

Lahadi, bayan coci

Bencin da muke zama mu shida, yau ni kaɗai ce da jakata. Har miƙe ƙafa na yi.

Talata, da hantsi

Mun taru a rumfar Nnalongo don a fitar da wadda za ta yi magana ranar taro. Kowa aka nuna sai ta ja gyale ta ce, "A'a, ni surukina ne." Har Nakkazi mai gawayi, wadda ba ta haifi mace ko ɗaya ba. Na ce mata, "Ke da wa ya aura a gidanki, akuyarki?" Nan dai aka yi dariya, amma an tashi ba a sami mai magana ba. Wasan da muka fara lokacin kamfe ya zame mana gaske. Sun rera waƙar har ta shiga jikinsu.

Muna nan sai ga Lauya Tumwine cikin kwat da rana tsaka, wai tumatir ya zo saye. Mutumin da bai san kuɗin tumatir ba, Nnalongo ta ninka masa ya biya yana godiya. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, iyayena, iyayena. Ya ce kowa a jami'a kuka yake yi. Malamai suna jiran albashi, ɗakunan kwanan ɗalibai suna yoyo, matasan da suka gama suna son a gyara ɗakin karatu, tsofaffin ɗaliban da ke ƙasar waje suna son ƙofa mai kyau da za su ɗauki hoto. Ya ce amma taɓa iyaye mata, wannan rashin kunya ne.

"Ranar Asabar ni da kaina zan sa a keɓe muku layin gaba. Iyaye ba sa zama baya."

Nnalongo ta ce bayan ya tafi, "Yaron nan yana da ladabi." Na ce, "Eh, har ya yi yawa. Shayi ma in sukari ya yi yawa ina zargin madarar."

Amma ban ce a ƙi layin gaba ba.

Alhamis, da yamma

Na bi ta tsakiyar jami'a yau da gangan. Ciyawa ta kai gwiwa, awakin masu gadi ne ke aikin yanka. An rufe rabin famfuna. A bayan ɗakin kwanan 'yan mata na ga yara suna hura gawayi, an daina dafa musu abinci tun wancan zango. A ƙofar asibitin ɗalibai layi har waje, ma'aikaciyar jinya ɗaya. Na tsaya na kalli layin, na wuce. Ba ruwana da layi. Ajina nake nema.

A aji mun yanka abarba. Wata yarinya mai goyo, sabuwar shiga, mai kirana Jajja, wato kaka, ta ce mini, "Jajja, to mu da muka yi wata biyu kacal, za a ba mu rabin takarda?" Na ce za a ba ta ta gefen da ke da tambari. Ta ɗauka da gaske nake, har ta yi godiya. Ban iya gyara maganar ba.

Asabar, da sassafe

Na sa gomesin ranar zaɓe. Na ɗaura ɗamara sosai. Ban san abin da zan yi ba, na rantse ban sani ba. Akwai ginshiƙi, zan zauna bayansa in saurara.

Asabar, da magariba

Na dawo.

Lahadi, da safe

Ban je coci ba. Kujerar roba ce. Kowa ya san kujerar roba tana da ƙara a kan siminti.

Litinin, da rana

Nnalongo ta shigo tun daga ƙofa tana guɗa, da gasasshen rogo a takarda.

"Uwar yaƙi! Tashi ki ga kanki! Jikana ya ce har a Kampala ana kallonki a waya. Gidan rediyo sun ce tsohuwar da ta koya wa masu digiri siyasa."

Na ce, "Ajiye wayar nan, idona na ciwo."

"Wa ya ba ki dabarar? Da kika ɓoye mana, muguwa."

"Ba dabara ba ce. Kunya ce."

"Eh mana, kunya," ta ce, tana kanne mini ido. "Ni ma kunyar ce ta kama ni."

Na kira Nanteza sau da yawa. Tana shiga, ba a ɗauka.

Talata, da hantsi

To bari in rubuta, tunda ya ƙi fita daga ƙirjina.

Ba a tsohon zauren aka yi taron ba, rufinsa ya zubo. A sabon zaure aka yi, kuma sabon zaure ba shi da ginshiƙi ko ɗaya. Yaran Tumwine suka tarye mu, suka kai mu layin gaba, ni a tsakiya, tebur ɗin shugabanni yana gabana kamar in miƙa hannu in taɓa. Bayanmu matan Alhamis layi layi, bayansu matasa, can ƙarshe masu kwat. Ba wutar gwamnati, an ta da janareta, aka sanar cewa man da aka iya saya ba zai daɗe ba, kowa ya taƙaita.

Sai na ji takun Muko. Na san takun, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa. Yana hawowa ta gefen dandamali, in ya juyo ido cikin ido za mu yi.

Zan iya sunkuyar da kai. Zan iya jan gyale in rufe fuska, ko in tashi in koma ƙofa. Duk na san wannan, ba sai an gaya mini ba. Na miƙe, na kama kujera, na juya ta, na zauna ina kallon jama'a. Kujerar ta yi ƙara. Ta roba ce.

Sai Nnalongo ta ce da muryar nan tata ta tasha, "Surukinmu ya shigo, mata a yi ladabi!" Ta juya tata. Nakkazi ta juya. Layi ya bi layi, ƙiii, ƙiii, kamar ana jan gadaje. Matasan baya, da yawansu ba su ma san shi surukina ne ba, suka ɗauka sabuwar zanga-zanga ce ta shigo gari. Suka hau ihu, suka ɗaga wayoyi, su ma suka juya nasu. Masu kwat suka ga an bar su su kaɗai suna fuskantar mutane, su ma suka juya. Zaure cike, kowa ya ba dandamali baya. Ni da na fara, bayan Nakkazi kawai nake gani.

Ya gaishe mu. Na ji ya ce, "Iyayena, na san kun ji ciwo. Ku ba ni dama kaɗan ku dubi allo." Haske ya faɗo kan bangon da ke gabanmu, na gane an kunna wani abu a bayana. Matasa suna fito, suna buga kujeru. Na ji ya ce Ajin Alhamis, na ji ya ce asusun ƙungiya, sauran ihu ya cinye. Ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Sai ya ce, "Maama."

Ni yake nufi. Duk zauren nan mutum ɗaya yake kira haka da wannan muryar.

"Maama, ba ni za ki kalla ba. Zan matsa gefe. Allo kawai."

Na ji takunsa ya matsa. Da na juya, da duk sun juya, wannan na sani. Hannuwana suna kan cinyata ina jin suna motsi, na ce a raina, ga ta nan, rawar ta fara tun ban kalla ba. Na ce bari in ƙirga numfashi kaɗan, ya ɗan ji yadda muka ji ranar Alhamis, sannan in juya.

Janareta ya yi tari ya mutu.

Cikin hayaniyar zauren Tumwine ya hau kujera, ba ya bukatar lasifika. Ya ce shugaban da iyayensa suka juya wa baya ba shugaba ba ne, yana neman a tsige shi. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Daga inda nake na ga hannuwa kamar gonar masara. Nawa ba su tashi ba. Amma wa ya duba nawa? An riga an ga abin da ake so a gani.

Ban ji fitar Muko ba. Wannan ne ke damuna. Takun da nake ganewa ko ana ruwan sama, ban ji shi ba.

Laraba, da la'asar

Madam Akello ta zo har gida. Na kawo mata shayi, ta bar shi ya huce.

Ta ce, "Jajja, ni na taya surukinki shirya abin da ke allon, shi ya sa na kasa kallonku ran nan. Ya roƙe ni kada in faɗa."

Ashe abu biyu aka ɗora wa majalisa a tebur, asibitin ɗalibai ko Ajin Alhamis, ɗaya ya fita. Muko ya ɗaga hannu a bar asibiti. Daga nan ya bi tsofaffin ɗalibai masu hali ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙasashen waje, ya shawo kansu ƙungiya ta ɗauki ajin a wuyanta, a biya shi da kuɗin da aka tara don sabuwar ƙofa. Majalisa ta yarda a bar mana ɗakin da tambarin, in dai babban taro ya amince. Abin da ya rage kawai mu ɗaga hannu ranar Asabar. Mu ne mafi yawa a zauren. Hoton farko a allon ma mu ne, ranar zaɓe, ni a gaba baki buɗe ina waƙa.

Na ce, "Kuɗin ƙofar Tumwine?"

"Su."

"Tumwine ya sani?"

"Shi ne ma'ajin kwamitin ƙofa, Jajja."

Na ce, "Madam, shayinki ya huce." Ban san me ya sa na ce haka ba. Ta tafi, na zauna a wurin har kaji suka shiga akurki da kansu.

Layin gaba. Iyaye ba sa zama baya.

Alhamis, da azahar

Ba mu shiga aji ba, ofishin ƙungiya muka je. Tumwine ne shugaban riƙo. Na gaya wa Nnalongo komai a hanya, ta tsaya tsakiyar titi riƙe da kai har boda ya yi mata ham. Ta ce, "Wayyo, ni ce na ce a yi ladabi." Na ce, "Tafi dai, kya yi kukan a gida."

Wannan dai ba surukin kowa ba ne, ana iya kallon fuskarsa. Mun kalla sosai. Ba kwat ɗin tumatir ba ne yau, kuma ba iyayena, sai nnyabo, nnyabo, wato uwargida, kamar ya ga baƙi a banki.

Na ce, "Ssebo, yallaɓai, maganar da ke kan allo muka zo a sake kunnawa. Yanzu mun shirya kallo."

Ya ce wannan shawarar tsohon shugaba ce, ta tafi da mai ita. Ya ce jami'a tana cikin mawuyacin hali, dole a san abin da za a sa gaba, kuma abin da mai ba da tallafi yake fara gani shi ne ƙofa. Ya ce yana girmama sabulu ƙwarai.

Nakkazi ta ce, "To a taro na gaba za mu juya maka kujera kai ma."

Ya yi murmushi, ya ce kwamitin riƙo ya duba dokar ƙungiya ya ga akwai kuskure tun asali. Daga yanzu ƙuri'a ta masu digiri ce. Amma ana maraba da mu a matsayin baƙi, za a keɓe mana wuri mai kyau.

Muka fito. A bakin hanya an riga an zube yashi da bulon sabuwar ƙofa.

Juma'a, da safe

Nanteza ta ɗauka.

"Maama."

"Yaya yaran?"

"Lafiya."

"Shi fa?"

"Ya koma asibiti aikinsa. Yana cin abinci, in abin da kike son ji ke nan."

"Ki ce masa..."

"A'a, Maama. Ya tsaya gaban mutane yana kiranki kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ina wurin, a bakin ƙofa nake. Duk abin da kike da shi, ki nemi yadda za ki faɗa da kanki."

Wannan karon ba katina ne ya ƙare ba.

Lahadi, da yamma

Bencin ya cika yau, har ana matse ni. Gara mini ranar da nake ni kaɗai da jakata.

Alhamis ta ƙarshen wata, da rana

An sa kwaɗon. Ƙarami ne, irin na akwati, da na ga dama da dutse zan fasa shi. Madam Akello ta raba mana wuƙaƙen yanka abarba don kada su yi tsatsa, za ta koma garinsu can arewa. Yarinyar nan mai goyo ta zo da jakar leda mai tsabta, wai don ta saka rabin takardarta kada ta jiƙe.

Na ba ta wuƙata. Na kasa tsokanar kowa.

Asabar, da hantsi

Ina kicin ina ɓare wake na ji takun. Hagu tana jan ƙasa. Ya tsaya inda ya saba, bayan shinge, na ji ya sauke nonon matoke a ƙasa, dim.

"Maama, kin kwana lafiya?"

"Lafiya, Muko. Ya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa."

"Ƙarya kake yi, amma na gode."

Ya yi 'yar dariya.

Na ce, "Me ya hana ka aiko mini a fili?"

"Na yi rantsuwa, Maama. Kuma na ɗauka za ki yarda da ni na mako ɗaya."

Waken da ke hannuna ya zube. Na ce, "Kujerar ce mai ƙara."

"Na ji ta," in ji shi.

"Ba yadda za a yi a dawo da ajin?"

"Ni ba ni da kujera, ku ba ku da ƙuri'a. Waɗanda suka yi alkawarin taimako sun ga bidiyon, sun ce tunda matan da kansu ba sa so, shi ke nan." Ya ɗan tsaya. "Asibitin dai yana nan. Nanteza za ta zo in ta huce. Matoken na gonar babana ne, kada ki bar shi ya nuna."

Na ji ya juya. Sai na ga ba zan iya bari maganar ta ƙare da bango ba. Na ce rawar jiki ta zo in za ta zo, a riƙe mini kofi, ai ina da jikoki. Na ture kwanon wake, na fito tsakar gida ba gyale, na zagaya shingen. Ya riga ya kama hanya tsakanin ayaba.

"Lubowa!"

Ya tsaya cak. Na jira ya juyo in gaya masa a fuskarsa. Bai juyo ba. Yaro ne mai tarbiyya, ya ji muryata a fili ba bango, ya san ina kallo, ba zai ja mini ciwo ba.

"Na'am, Maama," ya ce wa hanya.

Gashin nan cunkus babu shi. Sanƙo ne har tsakiya, gefe duk furfura, wuyan ya yi ninki biyu a kan kwalar riga. Ashe ya tsufa a bayan shingena ban sani ba. Na buɗe baki, abin da na tanada ya ƙi fitowa, irin maganar da sai da ido ake faɗarta ce. Na ce masa ya gaida gida. Ya ce za su ji. Na tsaya ina kallonsa har ganyen ayaba ya rufe shi.

Amsar kacici-kacicin ita ce ƙeya.